Tambaya: ta wace hanya Kendrick Lamar ya taso daga rabon waƙoƙin kyauta har duniya ta san shi?

Ɗan Baiti ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san cikin harkar gambarar zamani ta Amurka. Inda Kendrick Lamar ya kai kowa ya gani: kyautar Pulitzer a 2018, ga wasan hutun rabin lokaci na Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, a Fabrairun 2025. Abin da nake nema shi ne tsakiyar labarin. Yaron garin Compton na Kalifoniya da ke raba waƙa kyauta da sunan K.Dot, ta ina ya bi? Wa ya zuba kuɗi? Me ya sa ya daɗe a ƙaramin kamfani kafin ya shiga babba? Kuma a wane mataki ne masu tasowa suka fi faɗuwa? Don Allah a warware mini dalla-dalla, ba yabo nake nema ba, yadda aikin yake tafiya nake son in fahimta.

Tsohon DJ ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da ƙirga shekaru, domin a nan ne mutane suke ruɗewa. An haife shi a 1987. Ya fara sakin waƙa yana ɗan makarantar sakandare, amma kundin da ya sa sunansa ya cika Amurka sai a Oktoban 2012 ya fito. Kusan shekara goma ke nan yana aikin da waɗanda ke wajen harkar ba su gani ba.

Matakin farko mikstef ne, wato tarin waƙoƙin da ake rabawa kyauta, yawanci a kan kiɗan da wasu suka riga suka yi suna da shi. Amfaninsa biyu: ba ka biyan mai haɗa kiɗa, kuma mai sauraro zai auna ka kai tsaye da mai asalin kiɗan. Illarsa kuma ba ka da ikon sayarwa, tunda kiɗan ba naka ba ne. Mikstef ɗinsa na farko ne ya isa kunnen Anthony Tiffith, wanda ake kira Top Dawg, mai ƙaramin kamfanin Top Dawg Entertainment (TDE) a Carson da ke Kalifoniya. Abin da TDE ya ba shi a lokacin ba kuɗi ne mai yawa ba. Ɗakin ɗaukar murya ne da zai shiga dare da rana ba tare da biyan kuɗin awa ba, da mutanen da suka zauna da shi shekara da shekaru: Dave Free a ɓangaren tafiyar da harka, Sounwave a kiɗa, Derek Ali a tace sauti. Duk wanda ya san tsadar hayar situdiyo ya san wannan ya fi a danƙa wa yaro daloli a hannu.

Wani abin da ake yawan tsallakewa: a farkon TDE ba Kendrick ne ɗan gaban goshi ba, wani mawaƙi ne mai suna Jay Rock. Shi ne ya fara samun yarjejeniya da babban kamfani, Warner, kundinsa kuma ya yi ta jan ƙafa a can har suka rabu. Kendrick ya yi masa aikin ɗan amshi a kan dandamali, yana cike masa gurbin numfashi yana tayar da jama'a. A 2010 sun bi rangadin Tech N9ne a haka. Aikin ɗan amshi makaranta ce babba. A can ake koyon riƙe makirufo, da raba numfashi, da karanta taron da bai san ka ba kuma bai zo dominka ba. A ganina maƙalewar Jay Rock a Warner ce ta koya wa TDE cewa shiga babban kamfani hannu rabbana hatsari ne, gara ka tara masu sauraronka tukuna.

A ƙarshen 2009 ya ajiye sunan K.Dot ya koma sunansa na yanka. Kafin nan ya saki wani mikstef da ya jingina sosai da salon Lil Wayne, kuma an soke shi a kan kwaikwayo. Canjin suna ya zo tare da canjin rubutu: ya rage nuna bajintar baki, ya koma ba da labarin gida da unguwa. Mikstef ɗinsa Overly Dedicated ya fito a 2010, an sa shi a kasuwar intanet, ta nan kuma Dr. Dre, shahararren mai haɗa kiɗa, ya ji shi. A 2011 mujallar XXL ta sa shi cikin jerin sabbin mawaƙan shekara, a watan Yuli kuma kundinsa Section.80 ya fito a iTunes ba tare da babban kamfani ba. Kwafi 5,000 da 'yan kai ya sayar a makon farko, ya tsaya a lamba 113 a jadawalin Billboard 200, mai jera kundayen da suka fi kasuwa a Amurka. Kar ka raina wannan adadi. Mutum 5,000 da suka cire kuɗi suka saya babu tallan rediyo sun fi dubban ɗaruruwan da suka sauke kyauta nauyi a idon kamfani, domin su ne za su sayi tikiti gobe.

Daga nan sai share fage. Ya fito a kundin Drake na 2011, ya kuma bi shi rangadi a farkon 2012 yana buɗe masa taro. A Maris ɗin 2012 aka sanar da yarjejeniya da kamfanin Aftermath na Dr. Dre da babban kamfanin Interscope, TDE kuma yana ciki ba a ture shi gefe ba. Kundinsa Good kid, m.A.A.d city ya fito ranar 22 ga Oktoba, ya sayar da kwafi 242,000 a mako guda, ya zo na biyu saboda rana ɗaya suka fito da kundin Taylor Swift. Daga 5,000 zuwa 242,000 cikin wata goma sha biyar: aikin babban kamfani ke nan, rediyo da kantuna da talabijin. Amma wutar da suka hura, TDE ne ya riga ya kunna ta.

Mai Lissafi ya rubuta:

Malam Tsohon DJ ya shimfiɗa tarihin yadda ya kamata. Bari in ɗauki tambayar kuɗin, domin a nan ne mafi yawan masu tasowa suke karyewa, kuma ba ƙarancin basira ke karya su ba.

Kuɗin da babban kamfani ke ba mawaƙi ranar sa hannu kafin alƙalami ne, ba kyauta ba. Za a cire shi daga kason mawaƙin, tare da kuɗin situdiyo, da na masu haɗa kiɗa, da wani ɓangare na kuɗin bidiyo da na tallafin rangadi. Abin lura shi ne daga kason mawaƙi kaɗai ake cirewa, ba daga jimillar cinikin ba. Ga misali na lissafi kawai: a ce an kashe dala 500,000 a kanka, kasonka kuma kashi 16 cikin 100 ne. Sai kundin ya kawo wa kamfani dala 3,125,000 kafin bashinka ya kai sifili. A lokacin kamfani ya daɗe da mayar da uwar kuɗinsa har ya ci riba, kai kuwa ko sisi ba ka gani ba. Kuma cikin wannan 16 ɗin ne ake yanka wa mai haɗa kiɗa nasa, galibi kashi 3 ko 4. Shi ya sa za ka ga mawaƙi ana jin sa a kowace mota amma takardar asusunsa tana nuna kamfani na bin sa.

Sauran tarkunan suna cikin ƙananan layuka. Akwai zaɓin tsawaitawa: kamfani ya ɗaure kansa da kundi ɗaya, amma yana da ikon riƙe ka na huɗu ko biyar idan ya ga dama, kai ba ka da irin wannan ikon. Akwai haɗa asusu, inda ake cire bashin kundin da ya faɗi daga ribar wanda ya yi kasuwa. Akwai yarjejeniyar da ake kira 360, wadda ke ba kamfani kaso a kuɗin wasa da na riguna da na talla. Mafi muni shi ne rashin alƙawarin fitarwa. Idan takarda ba ta ce dole a saki kundin cikin wa'adi kaza ko a sallame ka ba, ana iya ajiye ka shekaru, ba ka fita ba kuma ba ka da ikon zuwa wani wuri.

Kowace waƙa dukiya biyu ce a dokar Amurka. Akwai muryar da aka ɗauka, wato mastar, wadda yawanci kamfani ke mallaka. Akwai kuma rubutun da karin waƙar, wanda na marubuta ne. A gambara an saba raba na biyun gida biyu, rabi ga mai baiti, rabi ga mai kiɗa. Kuɗin rubutu ba ya bi ta hannun kamfanin waƙa: idan an sa a rediyo ko a taro, ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI ne ke karɓowa, na sauraren intanet kuma tun 2021 akwai hukumar MLC. Wanda bai yi rajistar waƙoƙinsa ba, kuɗinsa na can ajiye ba mai kawo masa. Takardar rabon kaso kuwa a sa mata hannu ranar da aka yi waƙar, tun kowa na dariya. Bayan waƙa ta fashe, mutumin da ya ba da kalma biyu zai ce kashi 25 nasa ne.

A kan wannan sai ka ɗora manaja mai ɗaukar kashi 15 zuwa 20, da dillalin wasanni mai kashi 10, da lauya. Kuma lauyan ya zama naka ne kai kaɗai. Lauyan da kamfani ko manaja ya kawo maka, ka san inda zuciyarsa take.

Abin da ya bambanta Kendrick shi ne ya zauna a teburin ciniki da abin nunawa a hannu: kundin da ya riga ya sayar, da tarukan da yake cikawa, da tawagar da ke aiki. Mai irin wannan yana iya cewa a bar masa mutanensa da salonsa. Shi ya sa kundinsa na farko a babban kamfani ya fito a matsayin dogon labari guda, har da muryoyin iyayensa a saƙon waya tsakanin waƙoƙi, abin da da wuya a bar sabon shiga ya yi.

Ɗan Baiti ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Abu ɗaya ya tsaya mini. An ce mikstef kyauta ake rabawa. Ke nan idan ban sayar ba, babu laifi in ɗauki guntun tsohuwar waƙar wani in sa a kiɗana? Na kuma ji ana cewa idan bai wuce daƙiƙa shida ba doka ta yafe.

Uwar Amshi ta rubuta:

Ƙanena, zancen daƙiƙa shida ɗin nan ka jefar da shi, babu shi a kowace doka. Zancen kyauta ma ba ya kare kowa. Abin da ke faruwa shi ne mai haƙƙi ba ya ɓata kuɗin lauya a kan wanda ba shi da komai. Yana jira ne ka yi ƙiba.

Samfur, wato yanko guntun tsohon faifai a gina sabon kiɗa a kai, shi ne ƙashin bayan hip hop, wato gambarar zamani, tun farkonsa, kuma an daɗe ana yi ba izini. Shari'ar mawaƙi Biz Markie ta 1991 ce ta rufe wannan ƙofa, har aka janye kundinsa daga kasuwa. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar Bridgeport, ta ce ko guntun ya kai ƙanƙantar me, sai da lasisi. Wata kotun daga baya ta sassauta, amma babu kamfanin da zai jingina kundinsa a kan saɓanin kotuna. A ɓangaren kyauta kuma, a 2012 Lord Finesse ya kai Mac Miller ƙara yana neman dala miliyan 10 a kan kiɗan da aka yi amfani da shi a mikstef na kyauta, suka sasanta a wajen kotu. Hujjar ita ce waƙar kyautar ta gina suna, sunan kuma ya kawo kuɗi. Shi kansa Kendrick bai tsira ba: a 2014, bayan ya shahara, wasu makaɗan jaz biyu suka kai shi ƙara a kan wata waƙa ta cikin Section.80 da ta fito tun 2011.

Neman izini ƙofa biyu ne, kamar yadda Malam Mai Lissafi ya raba. Mai mastar za a biya shi kuɗi a dunƙule ko a ba shi kaso a ciniki. Masu rubutun kuma za su karɓi kaso a sabuwar waƙar, ana iya tsayawa a kashi 15 ko 25, ana iya kai wa rabi, mai taurin kai ya ce duka. Kason nan daga na ku biyu zai fita, kai da mai kiɗa. Idan ka duba sunayen marubutan waƙar Kendrick mai suna Poetic Justice za ka ga Janet Jackson da Jimmy Jam da Terry Lewis, saboda an yanko muryar Janet daga waƙar da su ukun suka rubuta. Kuma mai haƙƙi yana da ikon cewa a'a ba tare da ya faɗi dalili ba, sau da yawa saboda kalaman da ke cikin baitin.

Akwai hanyar rage wahala: a sa makaɗa su sake kaɗa guntun da hannunsu. A nan ƙofa ɗaya kawai za ka buga, ta masu rubutu. Lokacin da Kendrick ya so gina waƙarsa ta 2014 a kan wata tsohuwar waƙar Isley Brothers, da ƙafarsa ya je St. Louis wurin Ronald Isley ya nemi yardarsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar neman izini sai an sa ranar fitowa. Aikin na iya cin makonni ko watanni, musamman idan marubutan sun rasu sai an bi magada. Idan kuma waƙar ta riga ta fita, ba ka da bakin ciniki, abin da aka yanka maka shi za ka biya. Dubi waƙar Control ta Big Sean a Agustan 2013, wadda Kendrick ya yi baiti, ya ambaci sunayen takwarorinsa a ciki ya ƙalubalance su, ya kuma kira kansa sarkin New York. Baitin ya girgiza harkar gaba ɗaya, amma waƙar ba ta shiga kundin Big Sean ba saboda matsalar samfur. Suna ta kawo, ba ciniki ba.

Injiniyan Sauti ya rubuta:

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma ina tsoron Ɗan Baiti ya tashi da tunanin cewa takardu ne suka yi Kendrick. Takarda tana kare abin da ka gina ne kawai, sai akwai ginin tukuna.

Kiɗan gambara kusan duk bugu huɗu-huɗu ne, kowane bugu huɗu gaɓa ɗaya. Baitin da aka saba gaɓa 16 ne, amshi 8. A gudun bugu 90 a minti, gaɓa 16 bugu 64 ke nan, daƙiƙa 43 ba kaɗan. Sabon shiga yana ajiye amsa-amonsa a bugu na huɗu na kowace gaɓa, layi bayan layi, kunne ya gano shi tun a gaɓa ta uku ya gaji. Kendrick yana matsar da amsa-amon: ya sa shi a tsakiyar layi, ya bar jimla ta tsallaka gaɓa, ya ninka gudun harshe na ɗan lokaci sannan ya dawo. Yana kuma canza murya gwargwadon mai magana a labarin, ta yaro daban, ta lamiri daban, ta mai maye daban. Wannan rubutu ne da aka tsara wurin numfashi a cikinsa. Wanda ya ɗauki baitinsa layi-layi a situdiyo ana manna masa, ranar da ya hau dandamali zai shaƙe a gaɓa ta takwas. Shekarun amshi da aka ambata a sama su ne maganin wannan.

A ɗaukar murya, abin da ke lalata aikin masu tasowa huɗu ne. Ɗaki mai amsa kuwwa, wanda babu na'urar da za ta cire shi tsaf daga baya. Ƙure ƙarfin shigar sauti har ya tsage, alhali ana barin ƙololuwarsa ƙasa da iyakar na'ura, tsakanin -12 da -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti. Sayen kiɗa a dunƙule a MP3 maimakon a karɓi sassansa daban-daban, ganga daban, bes daban, ta yadda mai tacewa zai buɗe wa murya wuri. Sai matse waƙa don ta yi ƙara, alhali Spotify na daidaita komai zuwa wajen -14 LUFS a ma'aunin ƙara, ƙarar ta tafi, lalacewar ta zauna. Riƙe injiniya ɗaya shekaru, kamar yadda Kendrick ya riƙe Derek Ali, yana sa muryar mawaƙi ta sami kamanni ɗaya da ake gane ta da shi.

Kundinsa To Pimp a Butterfly na 2015 ya nuna inda wannan ya kai. Bayan tafiyarsa Afirka ta Kudu a 2014, ya tara makaɗa masu kaɗawa da hannu, irin su Thundercat da Terrace Martin da Kamasi Washington, aka gina kundin a kan jaz da fank. Mutumin da bai iya zama a kan kiɗan da ke motsi yana canza gudu ba, ba zai iya wannan kundin ba ko an ba shi makaɗan.

Tsohon DJ ya rubuta:

Na yarda da Injiniya. Ƙari ɗaya ga Ɗan Baiti idan zai bi alƙaluman shekarun baya, don kada ya haɗa awo biyu da ba iri ɗaya ba. 242,000 na 2012 kwafi ne da aka saya. Daga Disambar 2014 Billboard ya fara lissafa sauraren intanet, saurare 1,500 ko sayen waƙa 10 a matsayin kundi ɗaya. A 2018 aka raba: 1,250 na masu biyan kuɗin wata, 3,750 na masu saurare da talla. Saboda haka 603,000 da kundinsa DAMN. ya yi a makon farko a Afrilun 2017 gauraye ne na saye da saurare.

Kyaututtuka kuma sun biyo baya ne a makare. A Grammy, manyan kyaututtukan waƙa na Amurka, na 2014 an sa shi a rukuni 7 ya tashi babu ko ɗaya, Macklemore ya ɗauki kyautar kundin gambara. A 2016 an sa shi a 11 ya ci 5. Pulitzer ta 2018 ita ce karo na farko a rukunin kiɗa da aka ba wanda ba makaɗin gargajiyar Turai ko jaz ba. A 2020 shi da Dave Free suka kafa kamfanin pgLang, kundinsa na 2022 kuma shi ne na ƙarshe da ya yi wa TDE. Zambon da suka yi da Drake a 2024 ya haifar da waƙarsa Not Like Us, wadda ta ci Grammy 5 a Fabrairun 2025, mako guda kafin wasan Super Bowl a New Orleans. Drake ya kai kamfanin Universal ƙara a kan waƙar a Janairun 2025, kamfanin da dukansu biyu ke ƙarƙashin inuwarsa, kotu kuma ta kori ƙarar a Oktoban shekarar.